Mudun da ake auna talaucinmu da shi

Bayan na gama bautar ƙasa, ina zaman jiran aiki, sai na samu wani ɗan aikin wucin gadi na bin gidaje da tambayoyi. Wata ƙungiya ce ta ɗauke mu, aka yi mana bita ta kwana huɗu, aka ba kowa kwamfutar hannu da hula mai tambari, aka watsa mu ƙauyuka. Ni rabona ya faɗa wani ƙauye a arewacin Katsina. Ƙarshen Nuwamba ne, an kai amfani gida, mata na sussuka a bayan gari, iska na ɗauke da ƙaiƙayi, kowa ka gani fuskarsa a sake.

A gida na uku na tarar da wani dattijo a zaure yana tufkar igiya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na buɗe na'ura.

"Baba, ku nawa ne a gidan nan?"

Ya dube ni ya ce, "Masu kwana kake nufi ko masu ci?"

Na'urar ba ta da gurbin wannan tambaya. 'Ya'yansa biyu maza sun tafi ci-rani Legas tun kafin a gama yankan dawa, amma matansu da 'ya'yansu suna nan. Jikoki uku suna Zariya wajen karatun allo. 'Yarsa ɗaya aurenta ya mutu, ta dawo da goyo. Matar ƙanensa marigayi ba a gidan take kwana ba, amma kullum sai an kai mata kwano. Muka yi ta lissafi da yatsu, daga bisani na rubuta wani adadi da ni da shi duk ba mu gamsu da shi ba.

Da na zo kan dabbobi ya yi dariya. "Ɗana, a ina ka taɓa jin an ƙirga shanu a gaban baƙo?" Na ce to awaki fa? Ya ce na mata ne, bai san yawansu ba, ba ya kuma tambaya. Sai tambayar da aka ja mana kunne a kanta wajen bita: a 'yan kwanakin nan, ko akwai ranar da wani a gidan ya kwana bai ci ba saboda babu? Ya ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri." Na danna "a'a".

Ina sa takalmi zan fita, sai na ji muryar wata tsohuwa daga bayan ƙyaure: "Ɗan nan, in da gaske kake son sani, ka dawo cikin marka ka yi wannan tambayar."

Duk sanda aka fitar da sababbin alƙaluman talauci, mutanenmu kan rabu biyu. Wasu su ce ƙarya ce, an ƙulla ta ne don a ci mutuncin Arewa. Wasu kuma su ɗauke su kamar nassi, su riƙa jifan juna da su a rediyo da Facebook. Ni dai na zauna a zauren da ake haifar irin waɗannan alƙaluma, kuma abin da na gani shi ne in ma sun yi kuskure, ragi suka yi mana, ba ƙari ba. Mudun da ake awon da shi an ƙera shi ne don wata irin rayuwa: gida mai ƙofa ɗaya da tukunya ɗaya, mai jiran albashi a ƙarshen wata, wanda Janairunsa da Agustansa duk ɗaya ne. Talaucin manomin Arewa kuwa yana da lokacinsa na shekara, yana da ɗakin da ya fi zama a cikin gida, kuma yana jin kunyar baƙo.

Awo biyu ne manya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta yi tsakanin 2018 da 2022. Na farko na kuɗi ne, wanda aka tattara tsakanin 2018 da 2019. Aka lissafa mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata na ci da sha da sauran larurori a shekara, aka tsayar da Naira 137,430, wato kamar Naira 376 a rana. Duk wanda abin da yake kashewa bai kai haka ba, matalauci ne. Aka samu kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya, mutum kusan miliyan 83, a ƙarƙashin wannan haddi. Sakkwato da Taraba da Jigawa kowace ta kai kashi 87, Legas kuwa ko kashi 5 ba ta kai ba. Borno ba ta cikin lissafin, domin masu ƙidaya ba su iya shiga sassanta da dama ba. Jihar da yaƙi ya fi ɗaiɗaitawa ita ce aka bar gurbinta fayau.

Ka ɗan yi lissafi da kanka. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, su bakwai ke nan, sai ya riƙa kashe sama da Naira dubu 80 a wata kafin ya tsallake haddin, a shekarar da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 30. Masinjan sakatariya, da albashinsa da katin aikinsa, yana can ƙasa. A lokacin, Naira 376 na sayen fetur lita biyu da rabi. Yau ko lita ɗaya ba ta saye.

Awo na biyu ya fito a Nuwamban 2022, shi kuma bai tsaya kan kuɗi ba. Abubuwa 15 ya duba a fannoni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin muhalli, sai aiki da bala'o'in da ke afka wa gida. Ko akwai yaro mai tamowa, ko asibiti na da nisa, ko yara na zuwa makaranta, wane irin ruwa ake sha, da me ake girki, ko an taɓa kawo wa gidan hari. Sakamakon shi ne wanda kowa ya haddace: mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Sakkwato ta kusa kashi 91, Ondo na da 27. A karkara kashi 72, a birni 42. Ta fuskar yawan kawuna kuwa Kano ce gaba, da mutum sama da miliyan 10.

Masu cewa an yi ne don a muzanta Arewa ba su karanta har ƙasa ba. Jihar da ke bin Sakkwato a wannan jeri ita ce Bayelsa, mai man fetur, mai karɓar kashi 13 na arzikin da ake haƙa a ƙasarta. A awon kuɗi matalautanta ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma da aka tambayi ruwan sha da asibiti da bayan gida sai ta haura kashi 88. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa amsar da za ka samu tana bin tambayar da ka yi.

To ga abin da ba a cika faɗa ba. Gidaje sama da dubu 56 da aka zaga domin awo na biyu, an zaga su ne daga Nuwamban 2021 zuwa Fabrairun 2022. Kaka ce da farkon rani, lokacin da rumbu ke cike, ake ɗaurin aure, ake biyan bashi, yara ke murmurewa. Gaskiya ne nisan asibiti da katangar gida ba sa canzawa da damina. Amma cin abinci yana canzawa, nauyin yaro yana canzawa, samun aiki yana canzawa. A mafi kyawun watannin shekara aka je Sakkwato, aka dawo da kashi 91.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda abin ke juyawa. Manomi ya kai dami gida a kaka, masu bin bashi na jiransa: kuɗin taki, kuɗin maganin yaro, gudummawar bikin da aka yi masa shi ma sai ya rama. Sai ya fitar da hatsi kasuwa a daidai lokacin da kowa ke fitarwa, ya sayar da araha ga wanda ke da ɗakin ajiya. Bazara na yi, rumbu ya fara amsa kuwwa. Ruwa na sauka, ana shiga noman farko, ga gonarsa na jiran fartanya, amma babu abin ɗorawa a wuta, dole ya tafi ƙwadago gonar wani domin a samu awon yini. Kafin ya waiwayi tasa, ciyawa ta ci rabi. Ya koma kasuwa ya sayi hatsin da ya sayar, a kan kuɗin da ya ninka ko ya kusa. Cikin marka tuwo ya koma sau ɗaya, sauran a cike da tafasa da rama da zogale, kuma a daidai nan ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Da ya ga tumu ya yi hamdala, amma amfanin bana bai kai na bara ba, don haka baɗi rumbun zai ƙare da wuri fiye da bana. Maƙwabcinsa da hatsinsa ke kai shi sabon girbi, shi ne mai ɗaukarsa ƙwadago, shi ne mai ba shi bashi a kan kaka. In ka zo da na'ura a Disamba, dukansu biyu a gidan ƙasa suke, da itace suke girki, rijiya ɗaya suke sha, za ka sa su a layi ɗaya. Duk ƙauyen kuwa ya san ba ɗaya suke ba.

Ba yau aka gano wannan ba. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. Da ta so rarrabe masu hali da marasa hali, mutanen garin ta tambaya, kuma ma'aunin shi ne yadda kowane gida ya yi da watannin yunwa kafin girbi: akwai waɗanda suka wadatu har suka taimaki wasu, akwai waɗanda suka riƙe kansu kawai, akwai waɗanda suka ɗan ji jiki, akwai waɗanda suka sha wuya ƙwarai. A wancan lokacin ne kuma masu bincike daga Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, suka shekara cur suna komawa gidaje guda a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau, suna rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Kafin su duka, malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun riga sun yanke a babin zakka: faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, miskini shi ne wanda ba shi da komai. Da shekara suka auna, ba da yini ba. Mu da muke karanta wannan a zaure tun muna yara, mu ne kuma muke jiran Bankin Duniya ya gaya mana haddin talauci, ko dala 1.90 ce a rana, ko 2.15, ko dala 3 da ya koma a 2025.

Harshenmu ma ya rarrabe abin da alƙaluma ke cakuɗawa. Talaka daban, matalauci daban. Talaka matsayi ne a gaban mai mulki, shi ne wanda jam'iyyar NEPU ta tashi dominsa a 1950, kuma yana iya zama da shanun noma da rumbu uku. Tsakanin mai hali da matalauci kuma akwai wani fili mai faɗi da muke kira rufin asiri: ba ka da yawa, amma ba a ji kanka ba. Yawancin mutanenmu nan suke zaune, kuma abin da ke raba su da tonon asiri bai wuce ciwo ɗaya ba, ko fari ɗaya, ko dare ɗaya da 'yan bindiga suka shigo. Wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, in aka lissafa abin da ya fita daga hannunsa a shekarar sai a ɗauka attajiri ne.

Ba zan yi wa NBS rashin adalci ba. Tana da wani bincike da take yi da Bankin Duniya tun 2010, inda ake komawa gidaje guda kamar dubu 5, sau ɗaya bayan shuka, sau ɗaya bayan girbi. Akwai kuma kiyasin yunwa na ƙasashen Sahel da ake fitarwa kan watannin Yuni zuwa Agusta, wanda ya haɗa mu da Nijar da Chadi. Sai dai gida dubu 5 a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774 iyakarsa ya ba ka labarin shiyya. Awon 2022 ya ɗan matso, ya sauko har mazaɓun sanata 109. Amma mazaɓar sanata ɗaya tana iya haɗa unguwar da ake wanke mota da ruwan famfo da ƙauyen da mata ke sammakon rafi. Shugaban ƙaramar hukuma da ke son sanin wace gunduma ce hatsinta ke fara ƙarewa, ba shi da takardar da zai buɗe, ko da ya so buɗewa.

Sai kuma maganar cikin gida, wadda ta fi damuna, domin a nan ne na san na yi aikin banza. Ni namiji ne baƙo, iyakata zaure. Maigida ya gaya mini abin da ya sani: buhu nawa ya noma, nawa yake bayarwa na cefane. Bai san ribar ƙuli-ƙulin uwargida ba, bai san zubin adashin amarya ba, bai san cewa kuɗin tallan da 'yarsa ke kawowa shi ke sayen sabulu da man girki ba. In ma ya sani, ba zai faɗa ba, don faɗar tamkar ya ce ya gaza ne. Daga nan sai a ɗauki jimillar abin da gidan ya kashe a raba daidai da yawan kawuna, kamar kowa cokali ɗaya yake samu. Wa ya taɓa zama gidan mata uku ya yarda da wannan? A tsakar gida ɗaya za ka ga 'ya'yan ɗakin da uwarsu ke da sana'a da 'yan'uwa masu aiko mata, sumul da su, ga kuma 'ya'yan wadda aka saki ta bar su, ko marayun da aka kawo riƙo, kai ka ce ba tukunya ɗaya ake kwasa musu ba. Tsohuwar da ta yi mini magana ta bayan ƙyaure ita ce ta san sau nawa aka ɗora tukunya a watan Agusta, ita ce kuma ba a tura kowa ya tambaye ta ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Binciken gidaje gidaje yake bi. Almajirin da ke kwana a soron malam, ɗan ci-ranin da ke kwana a shagon wani a Legas, makiyayin da ya yi kudu da garke, matar da ta gudo daga ƙauyen da aka ƙone tana zaune a kangon makaranta a Gusau ko Maiduguri, da wuya su faɗo cikin samfurin. Ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa saboda tsaro, a kan musanya shi da wanda ake iya zuwa. Duk waɗannan ragi ne, kuma duk gefe guda suke karkata.

Na san ƙorafin da wasu ke yi ta ɗaya gefen, kuma yana da ƙamshin gaskiya. Ma'aunin yana ɗaukar ginin ƙasa a matsayin rashi, alhali soron ƙasa mai kyau ya fi ɗakin kwano daɗin kwana a watan Afrilu. Yana ƙirga shekarun boko, don haka alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, yake rubuta wasiƙa da ajami, a takarda bai yi karatu ba. Wannan gyara ne da ya kamata a yi. Amma kada mu ɓuya a bayansa. Ajami ba ya rage nisan asibiti ga mai naƙuda, kuma hayaƙin itace bai san darajar soro ba. Na ga manyan mutane sun kama wannan ƙorafi sun yi ta juya shi, don kada a zo kan tambayar da ta shafe su.

Dariyar da dattijon nan ya yi kan shanu tana da asali. Shekara da shekaru, duk wanda ya zo ƙirga a ƙasar nan karɓa ya zo yi. Dagaci ya rubuta sunan kowane baligi domin haraji, a ƙirga shanu domin jangali, wanda ya kasa biya ya sha rana a ƙofar hakimi ko ya bar gari. Sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Lokacin da hukuma ke karɓa, ta san sunan kowane magidanci a kowace unguwa, tana sabunta rajistar duk shekara da alƙalami da tawada. Yau da ake cewa za a bayar, an rasa sunayen. Tun zamanin Buhari aka haɗa rajistar marasa galihu, ana ba gida Naira dubu 5 a wata. A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni suka cika, ta ce ba ta yarda da rajistar ba, kowace jiha ta yi tata. Bayan 'yan watanni aka ƙaddamar da rabon Naira dubu 25 na wata uku ga gidaje miliyan 15. Mutanen ƙauye sun koyi darasi biyu masu karo da juna: in baƙo ya zo da takarda, ko dai ka ɓoye abin da kake da shi don kada a karɓe, ko ka ɓoye shi don a sa sunanka.

Cewa an bar Arewa a baya tun zamanin Turawa gaskiya ce da ba ta buƙatar ado. Legas ta samu makarantar sakandare a 1859. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano sai 1909, Kwalejin Katsina sai 1922, su ma don 'yan ƙalilan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 domin ya kwashi amfanin gona zuwa teku, ya kuwa kwashi gyaɗa da auduga da fata. Masaƙun Kaduna da suka fara a 1957 suka ɗauki dubban ma'aikata, zuwa farkon shekarun 2000 yawancinsu sun rufe. Yankin da ya fara tsere a makare, ba adalci ba ne a riƙa jera shi da Legas kullum a ce ga na ƙarshe. Tambayar da ta dace da shi ita ce: daga inda kake shekara takwas da suka wuce, taku nawa ka yi? Nan ne kuma aka bar mu a duhu. Awon kuɗi na 2018 zuwa 2019, hukumar da kanta ta ce ba a kwatanta shi da na shekara goma kafinsa, don an canza hanyar tambaya. Na 2022 shi ne irinsa na farko. Gwamna zai hau, ya yi shekara takwas, ya sauka, babu awo biyu masu kama da juna da za a ɗora mulkinsa a tsakaninsu. Tarihi ya ishe shi uzuri, rashin awo ya ishe shi mafaka.

Ga shi kuma an sabar wa mutane da ganin lamba ta sauya dare ɗaya. A 2014 aka sake lissafin arzikin ƙasa, aka wayi gari ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa 510, muka wuce Afirka ta Kudu ba tare da tukunyar kowa ta ƙara nama ba. Rashin aikin yi yana kashi 33 a ƙarshen 2020, a 2023 ya koma kashi 4, saboda yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma'aikaci ne. Masana na da hujjarsu a kan duka biyun, kuma hujjar ba ta banza ba ce, amma je ka bayyana wa matashin da ke zaune a majalisa tun safe. Uwa uba, rabon da a ƙirga mu tun 2006. Duk miliyoyin da na ambata a sama, kiyasi ne a kan kiyasi. Shugabanninmu na son yawa ranar rabon kuɗi a Abuja, ba sa son sa ranar da aka ce ga yawan yaranku da ba sa makaranta. Da rahoton 2022 ya fito, ƙaramin ministan kasafi na lokacin, Clem Agba, ya ce gwamnoni sun tare a gina gadojin sama da filayen jirgi sun bar karkara. Gwamnoni suka mayar masa da martani cewa laifin tarayya ne, aka yi mako guda ana cacar baki, aka wuce.

Abin da nake so jihohinmu su yi ba ya buƙatar izinin Abuja. Kaduna na da hukumar ƙididdiga tata, wasu jihohin ma haka, ga jami'o'i a kowace jiha cike da ɗaliban da ke neman abin bincike. A zaɓi gidaje a kowace ƙaramar hukuma, a riƙa komawa gare su su ɗin dai, sau biyu a shekara, cikin Agusta da cikin Disamba. Mata su shiga ciki su tambayi mata, kowace a ɗakinta. Tambayoyin kada su fi abin da za a gama kafin fura ta tsinke: wane wata hatsinku ya ƙare, me aka sayar don a ci, sau nawa aka ɗora tukunya jiya, wa ya tafi ƙwadago ya bar gonarsa, wane yaro aka cire daga makaranta ko aka tura gabas, wa ya yi ciwo ba a kai shi asibiti ba. A bi tsangayu da sansanonin gudun hijira da tashoshin mota a yi musu nasu lissafin. Sakamakon a buga shi da Hausa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a karanta a rediyo yadda ake karanta farashin hatsi na kasuwar Dawanau. Sharaɗi ɗaya ne mai wuya: masu wannan awo kada su taɓa riƙe jerin sunayen tallafi. Ranar da aka haɗa su, kowa zai ce rumbunsa tun Janairu ya ƙare, har mai unguwa.

Na san dalilin da zai sa gwamna ya yi sanyin jiki. Awon da ake maimaitawa duk shekara da mudu guda, wata rana zai nuna cewa a ƙaramar hukuma kaza hatsi na ƙarewa a Yuni lokacin da ya hau, yanzu a Afrilu yake ƙarewa, kuma abokin hamayya zai karanta wannan a dandalin kamfe. Shi ya sa ba na tsammanin wani zai fara don kansa, sai in majalisar jiha ta sa shi a doka da kasonsa a kasafi, ko jami'a ta fara da ƙananan hukumomi biyu ko uku da ke kusa da ita.

Aikinmu na wancan karo a Disamba ya ƙare. Muka mayar da na'urori, aka biya mu bayan wata biyu. Da marka ta zo ina Kaduna ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ba a kuma tura kowa ƙauyen ba. A rahoton da aka buga, gidan dattijon yana cikin waɗanda ba su da matsalar abinci.